Gidan Tarihi na Aushwits da Littafin da Aka Binne

Yau darasinmu na tarihi ne. Za mu ziyarci wani gida a ƙasar Polan, cikin Turai. Sunan wurin Aushwits. Gidan tarihi ne, wato inda ake ajiye kayan da, don na baya su gani da idonsu.

Kakanninmu suna kiran yaƙin duniya na biyu yaƙin Hitila. An yi shi daga 1939 zuwa 1945. Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933. Shi da mutanensa suka ce wai jininsu ya fi na kowa. A 1935 suka yi doka ta hana aure tsakanin Bajamushe da Bayahude. Daga baya dokar ta haɗa da baƙar fata da wata kabila da ake ce wa Roma. Su Roma asalinsu Indiya, amma sun yi ɗaruruwan shekaru a Turai. Cikinsu akwai maƙera da makaɗa da dillalan dawaki. Wasu suna yawo gari-gari, da yawa kuma suna zaune wuri guda.

Abin bai fara da bindiga ba. Da takarda ya fara. Aka ƙidaya mutane, aka rubuta sunan kowa da na iyayensa da unguwarsa. Ranar da aka tashi kamu, ba a sha wuyar nema ba.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. A 1940 Jamus ta ci Faransa, Marshal Petan ya kafa gwamnati a garin Bishi, yana bin Jamus. A lokacin Nijar tana hannun Faransa, kuma babban gwamna na Dakar ya bi Petan har ƙarshen 1942. Katsina kuwa tana hannun Ingila. Shi ya sa iyaka ta yi tsauri a shekarun nan. Gwamnatin Bishi ita ma ta yi dokokin ware Yahudawa, dokokin suka hau har ƙasashen da take mulka a Afirka. Ta soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da za ta ratsa Sahara ta iso kogin Kwara, ta sa fursunoni aikin tilas a Aljeriya da Maroko, cikinsu har da Yahudawa. Hanyar ba ta iso ba. Daga Faransa kanta an kwashi Yahudawa wajen 75,000, akasarinsu zuwa Aushwits.

To, mu shiga gidan. Jamusawa sun buɗe wannan sansani a 1940, bayan sun mamaye Polan. Sannan suka gina wani da ya fi shi girma a Birkenawu, kilomita 3 daga nan. Jirgin ƙasa yana kawo mutane cikin taragun kaya. Ana saukowa, sai a raba su biyu. Masu ƙarfi a kai su aiki. Tsofaffi da yara da mata masu goyo a kai su wani ɗaki, a ce wanka za su yi, a rufe ƙofa, a zuba iska mai guba. Mutum wajen miliyan 1 da dubu 100 suka mutu a nan, kusan miliyan 1 Yahudawa ne. A Turai duka an kashe Yahudawa miliyan 6. Sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso ranar 27 ga Janairu 1945. A 1947 aka mai da wurin gidan tarihi, kuma waɗanda suka tsira suna cikin masu aikin.

A wani ɗaki akwai tulin takalma, har da na ƙananan yara. A wani akwai gashin kan mata da aka aske, kusan tan 2, wato nauyin buhu 20 masu kilo ɗari-ɗari. Akwai akwatuna, masu su sun rubuta suna a jiki da manyan baƙaƙe, don an ce musu za a mai da musu kayansu.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai tukwane ne. Tukwane da kwanoni wajen 12,000 suke ajiye a gidan. Mata, ku kun fi kowa sanin wannan. Wadda ta ɗaura tukunya cikin kayanta, ai ta sa rai za ta hura wuta inda za ta. An gaya musu ƙaura ce kurum, za a ba su sabon mazauni. Kowace ta zaɓi tukunyar da ta fi so, ta bar sauran. Ba wadda ta ɗora ta a murhu.

Yanzu ga labarin Roma, wanda aka daɗe ba a ba shi. A Disamba 1942 Himla, babban na hannun daman Hitila, ya ba da umurni a kai su Aushwits. Aka kawo mutum wajen 23,000, gida-gida, da kaka da jika. Aka tsaga wa kowa lamba a fata, da harafin Z a gabanta. Yunwa da cuta suka ci da yawa. Daren 2 ga Agusta 1944 aka kashe sauran, mutum wajen 4,000, cikin dare guda. Sai a 2001 aka buɗe musu sashensu a gidan tarihin, a gini mai lamba 13.

Yaya aka san sunayensu? Jamusawa suna da manyan littattafai, na maza daban, na mata daban. Fursunoni 'yan Polan da suka iya rubutu su aka sa aikin magatakarda. Ɗaya daga cikinsu sunansa Tadeyush Yowahimoski. Ya lura za a shafe sansanin Roma, ya kuma san za a hallaka takardun. A Yuli 1944 shi da abokansa biyu suka sace littattafan, suka naɗe su da tufafi, suka sa cikin bokiti, suka binne kusa da wani ɗaki. Da an kama su, kisa ne.

Littattafan suka yi shekara huɗu da rabi a ƙasa. A Janairu 1949 Yowahimoski ya dawo ya nuna wurin, aka haƙa. Laima ta ci wasu shafuka, amma sauran suna karantuwa. An sami sunaye kusan 21,000, kowanne da lambarsa da ranar haihuwarsa da garin da aka haife shi. A gaban da yawa an rubuta ranar mutuwa. Akwai sunayen jarirai fiye da 300, su garin haihuwarsu shi ne sansanin kansa. A 1993 aka buga sunayen duka, kuma har yau jikokin Roma suna buɗe littafin suna bin layi da yatsa, suna neman nasu.