Zaren raga a sana'ar su ta Dindir

Zaren raga shi ne zaren da masunta ke saƙa koma, birgi da taru da shi. A Sudan, Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu sun yi suna a sana'ar su, musamman a tafkin madatsar Sinnar da aka kammala a 1925. Kogin Dindir kuwa yakan ƙafe da rani, ya bar tafkuna nan da can.

A irin wannan ƙasa mai zafin rana, juriyar rana ce ya kamata mai sayen zare ya fara dubawa. Zaren auduga na ruɓewa idan aka naɗe shi da danshi. Nailan ba ya ruɓa, amma hasken rana na cin ƙarfinsa har ya riƙa tsinkewa a bakin ƙulli. Foliyesta ta fi shi jure rana, kuma ba ta miƙewa sosai.

Wasu na cewa siririn nailan ya fi araha da kama kifi, tunda kifi ba ya ganinsa sosai. Haka ne, amma ragar da ake shanyawa kullum a rana saurin mutuwa take yi, sai an sake saye.