Yadda ake gano matsalar wayoyin tayar da inji a tsohuwar Land Rover

Tun daga 1948, lokacin da aka fara ƙera Land Rover a garin Solihull na Ingila, motar ta yi suna wajen shiga daji, yashi da laka. Samfurin Series III, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, har yau yana aiki a gonaki da hanyoyin karkara. Sai dai bayan shekara arba'in ko fiye, abin da ya fi tsayar da irin wannan mota a inda babu makaniki shi ne waya: wadda ta tsinke, wadda tsatsa ta ci bakinta, ko wadda robarta ta bushe ta fashe.

Masu motar kan yi asarar kuɗi wajen sayen sabon kwayil, filogi ko batir, alhali laifin yana kan waya guda. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a bi wutar daga batir zuwa filogi, mataki-mataki, kafin a sayi komai. Wannan bayani ya shafi injin fetur mai silinda huɗu da girman lita 2.25. Mai shan gas ba shi da kwayil ko filogin tartsatsi.

Hanyar da wuta ke bi

Wuta na tashi daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta je makulli, daga nan ta shiga kwayil, ta wuce zuwa kwantak da ke cikin distiributa, sannan ta koma batir ta ƙarfen inji. Duk lokacin da bakin kwantak ya buɗe, kwayil na fitar da wuta mai ƙarfin dubban bolt, distiributa kuma ta raba ta ga filogai bisa jerin 1-3-4-2. Silinda ta ɗaya ita ce ta gaba, kusa da fanka.

Kamfanin Lucas ne ya yi yawancin kayan wutar motar, kuma launin kowace waya yana faɗin aikinta. Ruwan ƙasa tana ɗauke da wuta daga batir a kowane lokaci. Fara tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, ita ce ke ciyar da kwayil. Fara mai ratsin baƙi tana haɗa kwayil da distiributa. Fara mai ratsin ja tana kai umarni ga sulinoyid ɗin kik. Koriya tana bi ta fis zuwa irin su waifa da sigina. Baƙa kuwa wayar ƙasa ce, wato wadda ake ɗaurawa a ƙarfen mota domin wuta ta koma batir.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da kan batir da ke haɗe da jikin motar. Waɗanda aka ƙera kafin 1967 sun fito ne da kan mai alamar + a jiki, na bayan nan kuma da mai alamar −. Juya su na iya ƙona altaneta nan take.

Idan kik bai juya ba

Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 a mita. Idan ya faɗi ƙasa da 9.6 yayin da ake murɗa makulli, batir ya yi rauni. Idan ya tsaya daram amma ƙara ɗaya kawai ake ji, sai a duba kawunan batir da manyan wayoyin da ke zuwa sulinoyid da kik. Farin gari ko kore a kansu alama ce cewa wuta ba ta wucewa sosai.

Wayar ƙasa da ke tsakanin inji da shasi ta cancanci kulawa ta musamman. Idan ta lalace, wutar kik kan nemi hanyar komawa ta wayar cok, har ta yi zafi ko ta yi hayaƙi. Bugu da ƙari, yawancin bodin motar na alminiyam ne, shasi kuwa ƙarfe. Wurin da su biyun suka haɗu yakan ci, ya hana wuta bi. A kwance, a goge har ƙarfe ya yi haske, a mayar a ɗaure.

Idan babu ko ƙara, a sa fitilar gwaji a kan fara mai ratsin ja yayin murɗa makulli. Rashin haske na nuna laifin yana makulli ko a tsakani.

Idan inji na juyawa amma bai tashi ba

A kunna makulli, a auna wuta a bakin kwayil mai alamar +, wanda a tsofaffi aka rubuta SW. Ya kamata a ga kusan abin da batir ke nunawa. In babu, a bi farar waya baya zuwa makulli, ana duba kowace mahaɗa.

In akwai wuta, a mayar da fitilar gwaji ɗaya bakin, mai alamar − ko CB, ɗaya ƙafarta a jikin inji, sannan a juya inji. Fitilar za ta riƙa ƙyaftawa idan komai daidai ne. Idan ta tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa da kyau, ko wayar da ke zuwa gare shi ta tsinke, ko siririyar wayar ƙasa da ke cikin distiributa ta yanke. Idan ta ƙi kamawa sam, wuta na zurarewa ta kondensa ko ta kwantak da aka ɗaura ba daidai ba, ko kuma kwayil ya yanke daga ciki. Kwayil na asali yakan nuna kusan om 3 tsakanin ƙananan bakunansa biyu.

Tazarar bakin kwantak ita ce milimita 0.35 zuwa 0.40, ta filogi kuma 0.75 zuwa 0.80. Daga nan a duba murfin distiributa ko ya tsage, domin ƙura da raɓa kan buɗe wa wuta hanyar ɓata, musamman da damina.

Matsalar da ke zuwa ta tafi

Motar da ke mutuwa idan ta faɗa rami, sannan ta sake tashi, galibi tana da mahaɗa sakakkiya. A bar inji yana aiki, a riƙa girgiza ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a ji ya yi tuntuɓe. Wadda ke mutuwa idan ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, kwayil ko kondensa ake fara zargi.

Hatsarin gobara

A tsarin asali, wayoyi masu ruwan ƙasa da farare ba sa bi ta fis. Idan robar ɗaya ta goge a inda ta ratsa ƙarfen da ke raba inji da gidan direba, babu abin da zai katse wutar. Waya kan yi ja, ta narkar da maƙwabtanta, a kusa da fetur. Saboda haka a cire kan batir na jiki kafin kowane gyara, a sauya robobin ramukan da wayoyi ke bi idan sun tsufa, kuma kada a maye gurbin fis da ƙusa ko takardar sigari.

Jan waya kai tsaye daga batir zuwa kwayil na iya fitar da mota daga daji, amma makulli ba zai kashe injin ba, kuma idan aka bar ta haka inji na tsaye, kwayil na iya ƙonewa. Da an isa gari, a cire ta, a kai motar wurin mai gyaran waya ya nemo ainihin inda wutar ta yanke.