Sarauniya Amina ta Zazzau da hanyar goro

Jama'a, a shirinmu na tarihi na wannan mako mun ɗauko Amina, 'yar Bakwa Turunku ta Zazzau. Kowa ya san ta da doki da takobi, har fim aka yi mata a 2021. To amma mu nan Tamale, abin da ya fi shafarmu a labarinta shi ne hanya.

Littafin Tarihin Kano ya sanya ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16. Littafin ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000. A lissafin 'yan goro, ƙwarya ɗari ke nan. Yau dillali ɗaya zai loda fiye da haka a mota bai ji komai ba, amma a lokacin goro abin sarakuna ne, kuma an ce a zamaninta ne ya fara shiga ƙasar Hausa. Ƙasar Nupe dai tana da nata goron, ɗan Labuje, wanda har gobe ake yabo.

Bayan Dauda, a zamanin Abdullahi Burja, littafin ya ce aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanjar nan ita ce maƙwabciyarmu. Daga baya Salaga ta zama babbar kasuwarta: fatake su taso daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Sansanne Mango da Yendi, su koma da goron kurmin Asante. Tafiyar watanni ce, madugu na gaba, kowane sarki na karɓar nasa kuɗin fito. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa 'yan kasuwar, da yawa suka sauka Kete Krachi.

A ganina, ba a yi wa Amina adalci in aka tsaya kan jarumta kawai. Ta gane cewa mai riƙe da hanya shi ke da dukiya. Sai dai kada mu manta, bābannin nan 40 'ya'yan wasu ne, aka raba su da gidajensu aka kai su gaisuwa tare da goro.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce Katsina da Kano sun biya ta haraji, kuma a Atagara ta rasu. Tsofaffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa har yanzu ganuwar Amina ake ce musu. Makiyayin da ya taɓa kora shanu ta wajen Turunku, kudu da Zariya, ya bi ta garin mahaifarta.