Dara a Ma'aunin Kwamfuta: Wa Ke Yanke Hukuncin Kyan Wasa?

A shekarar 2007 wata manhajar kwamfuta mai suna Ludi ta ƙago wasan dabara, irin wanda babu sa'a a cikinsa kuma babu abin da ɗan wasa ke ɓoye wa abokin karawarsa. Cameron Browne ne ya rubuta manhajar a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Fasaha ta Queensland da ke Brisbane, ƙasar Ostireliya, wanda ya kammala a 2008. Ludi takan yanyanka dokokin wasannin da aka sani, wato siffar fili, yadda ake zuba 'ya'ya, yadda suke tafiya da sharaɗin ci, sannan ta gauraya na wannan da na wancan kamar yadda makiyayi ke barbarar dabbobinsa don neman iri mai kyau. Duk wasan da ya fito sai ta buga shi ita kaɗai sau da yawa, ta watsar da wanda ba ya ƙarewa ko wanda mai fara wasa ne kullum ke ci.

Wanda ya fi shahara cikin abin da ta haifa shi ne Yavalath, mai gidaje 61. Wanda ya jera 'ya'ya huɗu ya ci, amma wanda ya jera uku kafin ya kai ga huɗun ya faɗi. Kamfanin nestorgames na ƙasar Sifen ya fitar da shi kasuwa a 2009, masana kuma suka yaba da wannan dokar da ke sa mutum gudun abin da ke kan hanyar nasararsa.

Ɗan dara a ƙasar Zuru ba zai yi mamakin wannan dokar ba. R. C. Bell, likitan nan ɗan Ingila, ya bayyana dara a littafinsa na wasannin duniya na 1960 a matsayin wasan Dakarkari, wato Lelna na ƙasar Zuru. Ana haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi biyar na shida shida, kowa na da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. Lokacin zubi an hana jera uku. Bayan an gama zubi, jera ukun ne kaɗai ke ba mutum damar ɗauke ɗan abokin karawa, jeri na huɗu kuwa ba ya ci. Ashe hikimar da aka yaba wa na'ura, ta hana wani jeri a kuma ba da lada ga wani, tana da 'yar'uwa da ta daɗe a gindin bishiya a kudancin Jihar Kebbi. Wannan ba ya rage wa Ludi daraja. Yana dai nuna cewa irin wannan takura wani tushe ne na daɗin wasa, ko mutum ne ya gano shi ko inji.

Inda gardama take shi ne wajen awo. Browne ya tsara ma'aunai 57 na kyan wasa, ya gwada su da ra'ayin mutanen da suka buga wasanni 79, ya riƙe waɗanda suka fi dacewa da abin da mutanen suka so. Daga ciki akwai rashin sanin wanda zai ci sai kusa da ƙarshe, da samuwar motsi guda da ke juya wasa gaba ɗaya, da matsakaicin tsawon lokaci. Tun a 2000 wani marubuci mai suna Mark Thompson ya ambaci irin waɗannan siffofi: zurfi, fayyacewa, damar farfaɗowar wanda ke baya, da saurin kammalawa idan rinjaye ya tabbata. Ke nan hukuncin kwamfutar aron baki ne. Ɗanɗanon waɗanda aka tambaya take maimaitawa da alƙaluma.

A ɗora dara a kan wannan sikeli a gani. Gwani yakan shirya 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, duk motsi ya cika uku, duk motsi ya ɗauke ɗan abokin karawa. Daga nan an san wanda ya ci, rinjaye ba zai sake sauyawa ba, amma wasa bai tashi ba. A lissafin Ludi wannan naƙasu ne, domin shakka ta ƙare da wuri. A dandalin dara kuwa nan ne shewa ke tashi, 'yan kallo su sa baki, wanda ake ci ya zauna yana ganin ana kwashe masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Gwanin tun lokacin zubi yake haƙon wannan tarkon, kuma shi ne shaidar gwanintarsa. A ganina ma'aunin da zai kira wannan aibi bai auna dara ba, ya auna ta ne da son zuciyar wasu 'yan wasa na daban.

Wani zai ce shewa da zolaya ba sa cikin doka, don haka ba ruwan masanin lissafi da su. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai Browne kansa bai tsaya ga doka ba, ya koma wurin mutane ya tambaye su abin da ya yi musu daɗi. Idan mutane ne alƙalai, dole a tambayi su wane ne.

Daga 2018 zuwa 2023 Browne ya jagoranci wani aiki a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, na shigar da wasannin gargajiya na duniya cikin sabuwar manhaja mai suna Ludii. Aikin ya dogara ne kan abin da aka riga aka rubuta da abin da aka tono a ƙasa, alhali dokokin dara suna bambanta daga gari zuwa gari, har a kan faɗin fili da ko ya halatta a ɗauke ɗa daga jerin da ya riga ya cika uku. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Kebbi na iya zama da dattawan Zuru, su rubuta dokokin da C'lela, harshen Lelna, da kuma Hausa, su naɗi wasanni motsi bayan motsi, su kuma tambayi masu dara wane wasa ne ya ƙayatar da su cikin waɗanda aka buga. Da wannan amsar ce za a iya sake saita ma'aunan 57.