Zanzibar: Birnin da Aka Gina Don Ƙafa da Jaki

Tsohon birnin Zanzibar, wanda mazaunansa ke kira Mji Mkongwe, yana gaɓar yamma ta tsibirin Unguja a tekun Indiya. Jirgin ruwan fasinja kan yi kusan awa 2 daga Darussalam kafin ya isa. Baƙon da ya sauka can a keken guragu yakan tarar da lunguna matsattsu da matakala a bakin kusan kowace ƙofa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa a tarihin garin.

Larabawan Oman sun kori Turawan Fotugal daga wannan gaɓa a 1698, suka gina ganuwar da ke bakin teku har yau. Garin bai bunƙasa sosai ba sai da Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat a wajen 1840. Kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi suka kawo dukiya, attajiran Larabawa da Indiyawa suka shiga gina benaye da dutsen teku da farar ƙasa. Fili kuwa kaɗan ne, domin wani rafi na ruwan teku ya raba wurin da sauran tsibirin. Kowa ya yi gini inda ya samu, abin da ya rage tsakanin gida da gida shi ya zama hanya. Matsin ya yi wa mutane daɗi, saboda dogayen bangaye suna tare rana, mai tafiya yana cikin inuwa kusan duk yini. Kaya kuma a kan jaki suke tafiya ko a kan 'yan dako, waɗanda da yawansu bayi ne, har bayan da aka rufe kasuwar bayi a 1873.

Azarar da ake rufin ɗaki da ita daga itacen bakin teku ake saro ta, kuma ba ta da tsawo. Wannan ya sa ɗakuna suka zama sirara, matakalar bene ta miƙe tsaye. A waje kuma akwai baraza, dakalin dutse da ke manne da bangon gida, inda maigida ke karɓar baƙi maza ba tare da sun shiga wurin iyali ba, kamar dai dakalin ƙofar gida a tsohon birnin Kano. Idan ruwan damina ya sauko tsakanin Maris da Mayu, lunguna kan zama magudanai, sai mutane su hau barazar su bi ta kai. Saboda ruwan ne ma aka ɗaga dokin ƙofa. Mai keke ba shi da wannan mafita: barazar ta ƙara matse masa hanya, dokin ƙofar ya tsayar da shi a waje.

Abin mamaki, a wannan gari ne aka fara sa na'urar hawa bene a Gabashin Afirka. An sa ta ne a cikin Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883. Ba don gajiyayyu aka kawo ta ba, alama ce ta isa da zamani. Wani sashe na ginin ya rushe a Disamba 2020.

A zamanin Turawan Ingila, waɗanda suka karɓi ikon tsibirin a 1890, aka cike rafin nan da ƙasa, aka shimfiɗa titi a kansa. Bayan juyin juya halin Janairu 1964 masu gidaje da yawa suka gudu, gwamnati ta ƙwace gidajen ta zuba 'yan haya, hankalinta kuma ya koma unguwar Ng'ambo, inda ta gina dogayen benayen Michenzani da faffaɗan tituna da taimakon Jamus ta Gabas. Tsohon birni ya yi ta lalacewa, amma wannan sakacin ne ya hana a rushe shi.

Yawon buɗe ido ya farfaɗo da shi daga shekarun 1980, kuma a 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A 2006 Zanzibar ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu. Buƙatun biyu ba sa jituwa cikin sauƙi, don ƙa'idar adana tarihi ba ta barin a fasa tsohuwar ƙofa ko a sare baraza, shimfiɗa gangaren keke kuwa yana son fili wanda lungun ba shi da shi. Inda aka fi samun sauƙi shi ne bakin teku. Gidauniyar Aga Khan ta gyara lambun Forodhani a 2009, da hanyoyi shimfiɗaɗɗu, kuma a nan ake kasa gasasshen kifi da ruwan rake da maraice. Sababbin otal na gaɓar arewa da gabas sun fi samun damar yin ɗakuna a ƙasa, sai dai can yashi mai laushi ne ke riƙe taya, kuma a gabas teku kan janye nesa idan ruwa ya sauka. A cikin lungunan kuwa, mai keke yakan dogara da mai tura shi da kuma samarin unguwa da za su ɗaga shi a kan matakala.