Tarihin Taxol: Maganin Sankara da Aka Samo Daga Ɓawon Bishiya

Mu da muka tashi a zango mun saba da ganin mai magani ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa, ya jera saiwoyi da ganyaye da sassaƙe, kowanne da sunansa da cutar da ake ba da shi dominta. Saboda haka idan aka ce mana akwai wani maganin sankara da manyan asibitocin duniya suke ɗura wa marasa lafiya ta jijiya, kuma asalinsa ɓawon bishiya ne, ba za mu yi mamaki ba. Abin da ya kamata mu sani shi ne irin tafiyar da ke tsakanin wannan ɓawo da kwalbar da ake rataye wa majinyaci a gefen gado. Tafiya ce ta shekara 30 cur. Sunan maganin a kasuwa Taxol, a takardar likita kuwa za a ga an rubuta paclitaxel. Ana amfani da shi wajen jinyar sankarar ƙwan mace, da ta nono, da ta huhu.

Labarin ya fara ne a Amurka a shekarar 1960, lokacin da Cibiyar Binciken Sankara ta ƙasar ta ƙulla yarjejeniya da Ma'aikatar Gona. Aikin masanan tsirrai na ma'aikatar shi ne su shiga dazuka su tsinko duk abin da suka samu, ganye ko saiwa ko ɓawo, su aika ɗakin gwaji. Ba tambayar masu maganin gargajiya suke yi ba. Laluben duhu ne, ko a dace ko a rasa. A cikin shekara 21 da aka yi ana wannan aiki, an gwada ruwan tsirrai kimanin kala 114,000 daga nau'in tsiro wajen 15,000. Kusan dukkansu ba su amfana komai ba.

A watan Agusta na 1962 wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya shiga gandun dajin Gifford Pinchot da ke jihar Washinton, a arewa maso yammacin Amurka. A nan ya ɓamɓari ɓawon wata bishiya da masana ke kira Taxus brevifolia, wadda za mu riƙa kira taksus. Bishiya ce gajera mai nawar girma, tana tsirowa a inuwar manyan itatuwa. Mutanen asali na wannan yanki sun daɗe suna sassaƙa baka da filafilin kwalekwale da itacenta saboda ƙarfinsa. Masu yankan katako kuwa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. In sun gama sare manyan itatuwa, sai su tara ta cikin shara su cinna mata wuta.

A 1964 gwaji ya nuna cewa ruwan wannan ɓawo yana kashe ƙwayoyin sankara da aka raina a kwalba. Sai aka miƙa aikin ga wasu masanan sinadarai biyu a jihar Karolina ta Arewa, Monroe Wall da Mansukh Wani, wanda haifaffen Indiya ne. Aikinsu shi ne su tsamo abu guda mai aiki daga cikin ɗaruruwan sinadarai da ke cakuɗe a ɓawon. A 1966 suka samu tsantsarsa, Wall ya raɗa masa suna taxol, sannan a 1971 suka wallafa yadda ƙirarsa take. Abin da suka tarar ya karya wa mutane da yawa gwiwa. Daga busasshen ɓawo kilo 12, abin da ake samu bai wuce rabin giram ba. Ga shi ba ya narkewa a ruwa, balle a yi allura da shi cikin sauƙi. Ƙirarsa kuma ta yi sarƙaƙiyar da babu mai tunanin za a iya haɗa shi a masana'anta. Haka ya zauna shekaru a ajiye, har zuwa 1977 da wasu sababbin gwaje-gwaje a jikin ɓeraye suka sa cibiyar ta yarda ta ci gaba da shi.

Wadda ta ɗaga darajar maganin ita ce Susan Horwitz, malama a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke birnin Niyu Yok. A 1979 ita da ɗalibinta Peter Schiff suka gano yadda yake aiki, kuma hanyar ta saɓa wa ta duk magungunan da aka sani a lokacin. Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma suna yaɗuwa ne ta hanyar rabuwa gida biyu. Duk sanda ƙwaya za ta rabu, sai ta kafa waɗansu siraran zaruruwa a cikinta, su ja kayan gadon halitta rabi nan rabi can, sannan a kwance su. Kamar rumfar kasuwar ƙauye ce, da ake kafawa da safe a kwance da yamma. Sankara kuwa ƙwayoyi ne da suka ƙi daina rabuwa. Taxol yana manne wa waɗannan zaruruwa ya ƙame su, su kasa kwancewa, sai ƙwayar ta tsaya cak a tsakiyar rabuwa har ta mutu.

Wannan bayani shi ke warware mana abin da muke gani a jikin masu karɓar maganin. Ba ya bambanta ƙwayar sankara da sauran ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa. Shi ya sa gashi yake zubewa, ɓargo ya rage ƙera ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, wasu kuma su ji yatsun hannu da na ƙafa suna mutuwa domin jijiyoyi ma sun dogara da irin waɗannan zaruruwa. Gashi yana dawowa bayan an gama jinya. Ya kamata dangi su san haka, domin sau da yawa ganin zubewar gashi da rama yana sa a cire mara lafiya daga asibiti da sunan maganin ne yake kashe shi.

Kafin Taxol, wata shuka daga yankinmu na Afirka ta riga ta buɗe wannan ƙofa. Ita ce wata 'yar fulawa 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ja-ja, wadda ake shukawa don ado a gidaje da makarantu a ƙasashenmu. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada suka gwada ta saboda an ce tana maganin ciwon suga. Ba ta sauke suga ba, amma sun lura tana rage fararen ƙwayoyin jini a jikin dabbobin gwaji. Daga nan aka samo magunguna biyu, vinblastine da vincristine. Na biyun yana cikin magungunan da ake ba yara masu sankarar jini, da kuma sankarar nan mai kumbura muƙamuƙin yara wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Magungunan fulawar suna hana a kafa rumfar ne tun farko, Taxol kuwa yana hana a kwance ta.

A 1981 aka rufe shirin tattara tsirrai da ya haifar da Taxol, domin mahukunta suna ganin an kashe kuɗi ba riba. Shekara uku bayan haka, a 1984, aka fara gwada maganin a jikin mutane, kuma da farko abin bai yi kyau ba. Tun da ba ya narkewa a ruwa, sai aka narkar da shi a wani sinadari da aka sarrafa daga man zurma, irin zurmar da ke tsirowa a bayan gidajenmu. Wannan sinadari ya riƙa tayar wa wasu marasa lafiya da borin jini mai tsanani, numfashi ya sarƙe, har aka kusa watsar da gwajin. Likitoci suka shawo kan matsalar ta hanyar ba da magungunan kariya kafin a fara, da kuma ɗura shi a hankali cikin sa'o'i masu yawa.

A 1989 likita William McGuire da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka ba da rahoton da ya sauya komai. Sun ba da maganin ga mata masu sankarar ƙwai waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, sai ƙarin ya ragu a jikin kusan uku cikin kowace goma. A wancan zamani wannan babban abu ne. Wani gwaji mafi girma da aka wallafa a 1996 ya nuna cewa matan da aka haɗa musu Taxol da maganin cisplatin sun rayu, a matsakaicin lissafi, wata 38, waɗanda aka ba tsohon haɗi kuwa wata 24. Wata 14 ke nan na ƙari, kuma duk wanda ya taɓa jinyar uwa ko ɗiya ya san abin da wata 14 yake nufi.

Da labari ya bazu, sai wata sabuwar matsala ta taso. Duk bishiyar da aka ɗaye wa ɓawo mutuwa take yi. An ƙiyasta cewa jinyar mutum ɗaya tana cin bishiya uku zuwa shida, kowacce mai shekara ɗari ko kusa da haka. Dazukan da take tsirowa kuma su ne mazaunin wani nau'in mujiya da gwamnatin Amurka ta sa cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu a 1990. Aka shiga gaba kura baya sayaki: ga mata suna jiran magani, ga daji yana neman ƙarewa. Itacen da jiya ake ƙonawa ya zama abin da ɓarayi ke shiga daji su ɗaye. A 1992 majalisar dokokin Amurka ta kafa doka ta musamman kan yadda za a riƙa girbin bishiyar.

Mafita ta zo daga ɗakin gwaji. A Faransa, Pierre Potier da abokan aikinsa sun gano cewa ganyen taksus na Turai yana ɗauke da wani sinadari mai kama da Taxol, kuma ganye yana sake tohowa in an tsinke. A Amurka, Robert Holton na Jami'ar Jihar Fulorida ya samo hanya mai sauƙi ta ƙarasa wannan sinadari ya koma Taxol. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 an daina dogaro da ɓawo. Daga baya ma aka koma rainon ƙwayoyin bishiyar a manyan tankuna a Jamus, suna fitar da maganin ba tare da an taɓa ko reshe ba. Amma ba ko'ina aka tsira ba. A tsaunukan Himalaya an yi wa taksus na can ɓarna sosai, har aka sa wani nau'insa cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa a 2011.

Akwai kuma batun kuɗi. A 1991 gwamnatin Amurka ta miƙa wa kamfanin Bristol-Myers Squibb aikin kai maganin kasuwa. A ƙarshen Disamba 1992 hukumar kula da magunguna ta amince da shi domin sankarar ƙwan mace, a 1994 domin ta nono, a 1997 domin sankarar fata ta Kaposi da ke kama masu cutar ƙanjamau, a 1998 kuma domin nau'in sankarar huhu da ya fi yawa. Kamfanin ya yi rajistar sunan Taxol ya zama mallakarsa, shi ya sa aka ƙirƙiro sunan paclitaxel domin kowa. Wani rahoton ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka a 2003 ya nuna cewa kamfanin ya sayar da maganin na kimanin dala biliyan 9 zuwa 2002, gwamnati ta kashe dala miliyan 484 a bincikensa, abin da ya dawo mata na kamasho kuwa dala miliyan 35. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu suka. Daga shekarar 2000 wasu kamfanoni suka fara yin nasu, farashi ya sauka, kuma yau maganin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata kowace ƙasa ta rasa ba.

Abin da ya faru da taksus ya faru a kusa da mu. A tsaunukan Kamaru akwai wata bishiya da masana ke kira Prunus africana, wadda ake fitar da ɓawonta zuwa Turai domin haɗa maganin kumburin mafitsara na tsofaffin maza. An yi ta ɗaye ta har aka sa ta ƙarƙashin dokar cinikin tsirrai ta duniya a 1995, kuma a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayenta daga Kamaru na wani lokaci. A garuruwanmu ma kowa ya ga maɗacin bakin hanya da aka sassaƙe kewaye har ya bushe a tsaye. Mai sassaƙa gefe guda ya bar sauran ya warke zai dawo baɗi ya samu. Wanda ya zagaye gindin da wuƙa ya kashe bishiyar, ya kuma kashe sana'arsa.

Wani abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda ake juya irin wannan tarihi. Za a ji mai talla yana cewa ai su ma Turawa daga itace suke samo maganin daji, don haka a sha jiƙonsa. Tarihin Taxol ya nuna akasin haka. Ganyen taksus da ƙwallonsa guba ne mai tsayar da zuciya, yana kashe doki, yana kashe mutum. Wanda ya dafa ɓawon ya sha ba zai samu abin da zai taɓa sankara ba, tun da rabin giram ne kacal a kilo 12, kuma ta jijiya yake aiki. Sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan dabbobi, sannan a kan mutane, aka ƙirga waɗanda suka samu sauƙi da waɗanda ba su samu ba. Itatuwanmu sun cancanci irin wannan bincike, kuma 'ya'yanmu da ke karatun haɗa magunguna a jami'o'in Gana da Kamaru da Sudan suna iya yin sa.

Sankarar ƙwan mace tana shigowa a ɓoye. Alamominta su ne kumburin ciki da ya ƙi sauka, saurin ƙoshi, ciwon mara, da yawan fitsari, abubuwan da muke saurin danganawa ga sanyi ko basir. Ta huhu kuma takan zo da tarin da ya ƙi ji, ko tari da jini, ko rama ba dalili. Duk wanda irin waɗannan alamu suka ɗauki makonni a jikinsa, a kai shi asibiti a duba, kada a ɓata watanni ana jiƙe-jiƙe. Taxol ba ya warkar da kowa, amma da shi da tiyata da sauran magunguna sun fi amfani ga wanda ya zo da wuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.