Takardar Mallakar Mota a Singafo: Me Ya Sa Dokar Ta Zauna?

A Singafo, mallakar kuɗin mota bai isa a ce mutum ya zama mai mota ba. Tun 1990, duk wanda zai yi rajistar sabuwar mota sai ya fara sayen takardar izinin mallaka, wadda ake kira COE, a gwanjon da hukumar sufuri ke yi sau biyu a wata. Gwamnati ke ƙayyade yawan takardun, masu so kuma su yi ta tayi. Wa'adinta shekara 10 ne. In ya cika, ko a sabunta da sabon kuɗi, ko motar ta bar titi. A Oktoban 2023 takardar manyan motocin gida ta kai dalar Singafo 150,000, ban da kuɗin motar da harajinta. A 2018 ma aka dakatar da ƙara adadin motocin gida.

Dalilin a fili yake. Faɗin tsibirin kimanin murabba'in kilomita 740 ne, mutane kusan miliyan 6 ke cikinsa, tituna kuma sun riga sun cinye kusan kashi 12 cikin ɗari na ƙasar. Kowane sabon titi filin gidaje ne aka rasa.

Masu yaba tsarin sun fi ɗaukar ido a kan tsadar takardar. A ganina nan ne suke kuskure, domin abin da ya riƙe dokar shi ne aikin da aka yi kafin ta. A 1973 aka haɗe kamfanonin bas na birnin wuri guda. A 1975 aka fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari a lokacin cunkoso, wanda ya koma na na'ura a 1998. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a 1987, shekara uku kafin gwanjon. Sannan kusan mutum 8 cikin 10 suna zaune ne a gidajen da gwamnati ta gina, a unguwannin da aka tsara da tasha da kasuwa da makaranta a kusa. Wanda aka hana mota a irin wannan gari yana da abin hawa a bakin ƙofa.

Birnin Meziko ya nuna ɗaya fuskar. A 1989 aka hana kowace mota fita rana guda a mako bisa lambarta. Masu hali suka sayi tsohuwar mota ta biyu, binciken da ya biyo baya kuma bai ga iska ta gyaru ba. An yi jifa, ba a gina wurin faɗuwarsa ba.

Duk da haka tsarin Singafo na da tabo. Gwanjo mai kuɗi yake fifitawa: attajiri zai ajiye mota uku, magidancin da ke jigilar tsohuwa mara lafiya zuwa asibiti kuwa ya rasa ko ɗaya. Beijin ta zaɓi ƙuri'a a 2011 don kauce wa haka, sai mutane suka koma jira na shekaru. Kowace hanya da wanda take cuta.

Hukumar da ke sha'awar wannan doka ta fara da bas da jirgi da tsarin unguwa. In ta tsallake su ta kama takarda, haraji kawai ta ƙirƙiro.